Komawa Makaranta A Lokacin Annoba

 

A makon jiya mun yi magana a kan cututtukan da iska ke ɗauka daga mutum zuwa mutum. Yau kuwa za mu shiga makaranta. Tambayar da za mu duba ita ce, in annoba ta shigo gari har aka rufe makarantu, yaushe za a buɗe su, ƙaƙa kuma za a mai da yara aji ba tare da an mai da cutar tare da su ba? Wannan magana ta shafi ko wane mai ɗa, da ko wane malami, da ko wane hedimasta. Zan kai ku nesa kaɗan, can ƙasar Amurka, in ba ku labarin waɗansu makarantu da abin da ya same su a zamanin cutar korona, daga 2020 zuwa 2022. Kada ku ce ina ruwanmu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Makarantun Yarjejeniya

A Amurka akwai waɗansu makarantu da za mu kira makarantun yarjejeniya. Su can suna ce musu cata, watau takardar izni. Ga yadda su ke. Gwamnati ke ba da kuɗi, yaro ba ya biyan ko kwabo, amma ba hukumar ilmi ta gari ke tafiyar da su ba. Wata ƙungiya ce ta kan sa hannu a takarda, a ba ta makaranta na shekara kaza, galibi biyar, ita kuwa ta ɗauki alkawarin yara za su koyi karatu. Ita ke ɗaukar malamanta, ita ke tsara lokacin shiga da na tashi. In wa'adi ya cika aka duba aka ga ba ta cika alkawari ba, sai a karɓe makarantar a ba wani, ko a rufe ta. Jihar Minisota ta fara yin wannan doka a 1991, aka buɗe makaranta ta farko a 1992. Sa'ad da korona ta zo, yara fiye da miliyan 3 ke karatu a irinsu.

Dalilin da ya sa na zaɓe su shi ne, nauyin yara yana wuyan shugabannin makarantar kansu. Sa'ad da aka zo maganar komawa aji, ba su tafi hanya ɗaya ba. A birnin Niyu Yok, ƙungiyar da ta fi yawan irin waɗannan makarantu, Success Academy, ta bar yaranta suna karatu daga gida har ƙarshen shekarar karatu ta 2020 zuwa 2021, ko da ya ke makarantun hukumar birnin sun buɗe ƙofa tun cikin kakar 2020. A waɗansu jihohi kuwa tun watan Agusta aka koma. Mu dai bari mu tsaya a birni guda mu duba shi da kyau.

Abin Da Ya Faru A Niyu Olins

Niyu Olins birni ne a bakin kogin Misisipi, cikin jihar Luwiziyana. A 2005 guguwar nan da a ke kira Katirina ta cika shi da ruwa, ta lalata makarantu. Bayan haka aka riƙa ba da su ga ƙungiyoyi, har ya zamana a 2020 kusan ko wace makarantar gwamnati a birnin ta yarjejeniya ce. Makarantun sun fi 70, yaran wajen 45,000, galibinsu baƙar fata, da yawansu kuma 'ya'yan talakawa ne.

Ran 25 ga Fabrairu 2020 aka yi babban bikin shekara na birnin, mutane suka taru daga ko ina, suka cika tituna maƙil. Ran 9 ga Maris aka sami mutum na farko mai korona a jihar. Ran 13 ga Maris Gwamna John Bel Edwards ya ba da umurni a rufe makarantu duka. Kafin wata ya ƙare asibitocin birnin sun fara cika, mutane suna mutuwa.

A lokacin nan rufewar daidai ce. Cutar sabuwa ce, babu allurar rigakafi, ba a kuwa san yadda za ta yi da yara ba. Ba Amurka kaɗai ba, cikin watan Afrilu na shekarar nan ɗalibai wajen biliyan ɗaya da rabi ke zaune gida a duniya duka. Mu ma nan Nijeriya kun tuna an rufe namu cikin Maris, aka riƙa koyar da yara ta rediyo.

Rufewa Ma Tana Da Tata Cuta

To, amma ga abin da na ke so ku riƙe. Makarantar da aka rufe ba ta zama lafiya ba ke nan. An dai sauya wata cuta da wata.

Ku duba. Yaron talaka a Amurka a makaranta ya ke cin abincin safe da na rana. Da aka rufe, sai da aka buɗe wuraren rabon abinci iyaye suna zuwa suna karɓa. An ce yara su yi karatu ta kwamfuta, ga shi gidaje da yawa babu kwamfutar, babu intanet, sai da hukuma ta sayo dubbai ta rarraba. Ko an ba yaro, wa zai zauna da shi? Uwar tana aikin otal ko shara a asibiti, aikin da ba ya yiwuwa daga ɗaki. Ɗan shekara shida kuwa ba ya koyon baƙi da wasali ta gilashi, sai malami ya kama hannunsa. Har wa yau, malami shi ne ya kan fara lura in yaro ba ya gani sosai, ko ba ya ji, ko ana dukansa a gida. Duk wannan ya tsaya.

Daga baya an auna hasarar. A jarrabawar ƙasa ta 2022 makin lissafi ya faɗi irin faɗuwar da ba a taɓa gani ba tun da aka soma yin ta. Masu bincike na jami'o'in Harvard da Stanford suka lissafa cewa, in an kwatanta da 2019, yaro ya yi hasarar kimanin rabin shekara na lissafi. Inda aka fi daɗewa a rufe, inda kuma talauci ya fi yawa, nan hasarar ta fi tsanani.

Amma fa kada ku zargi malamai da iyayen da suka ji tsoron komawa. Tsoronsu yana da dalili. Korona ba ta cika kashe yara ba, amma tana kashe manya, yaro kuwa gida ya ke komawa wurin kakarsa. Kafin tsakiyar 2021 yara fiye da 140,000 a Amurka sun rasa uwa ko uba ko wanda ke riƙonsu. Watau gaba kura, baya sayaki. Gardamar ma ba sabuwa ba ce. A annobar mura ta 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, yawancin biranen Amurka sun rufe makarantu, amma Niyu Yok da Cikago suka bar nasu a buɗe, suka ce gara yaro ya zo inda a ke duba lafiyarsa kullum da ya yini a titi.

Yadda Aka Koma

Mutanen Niyu Olins ba su buɗe ƙofa rana ɗaya suka ce kowa ya shigo ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ga matakan da suka bi.

Da farko suka sa ma'auni, suka faɗa wa kowa tun da wuri. Babban abin dubawa shi ne, in an gwada mutum 100 a gari, waɗanda za a samu da cutar kada su wuce 5. Saboda haka a watan Agusta 2020 aka soma shekara kowa yana gida. Da lissafi ya sauko, cikin Satumba aka kira ƙanana, daga 'yan rabin aji zuwa aji huɗu, domin su ne karatun gida ya fi cuta, su ne kuma korona ta fi yi wa sauƙi. Cikin Oktoba manya suka biyo baya, amma aka raba su, waɗansu yau waɗansu gobe. Uban da bai yarda ba kuwa ba a tilasta shi ba, ɗansa ya ci gaba daga gida.

Na biyu, jihar ta ƙayyade yawan mutane a ɗaki. In cuta ta yi zafi mutum 10, in ta sassauta 25, in ta ƙara sassautawa 50, har da malami cikin lissafin. Motar ɗaukar yara ma haka, rubu'in kujeru, sa'an nan rabi, sa'an nan kashi uku cikin huɗu.

Na uku, aka yi ƙoƙari ko wane aji ya zama rukuni guda, ba ya cuɗanya da wani. Tare su ke karatu, tare su ke cin abinci, tare su ke wasa. Ku lura da hikimar wannan. In yaro ɗaya ya kamu, hedimasta ya san waɗanda suka zauna da shi, sai ya sallami aji guda. In kuwa duka makaranta ta gauraya, to, duka za a rufe.

Na huɗu, malamai da yara daga aji uku zuwa sama suka sa takunkumi, aka sa wanke hannu da isowa, da kafin cin abinci, da bayansa.

Na biyar, ba su ji kunyar ja da baya ba. Cikin Janairu 2021, bayan bukukuwan ƙarshen shekara, cutar ta sake tashi, sai aka mai da yara gida na 'yan makonni, da ta lafa aka dawo. Wanda ya sa ma'auni tilas ya bi shi ko ya gyaɗa sama ko ya gyaɗa ƙasa.

Akwai wani abu kuma. Ko da ya ke ko wace makaranta tana da 'yancinta, a kan maganar annoba sun bi hukumar birni da likitocinta, aka tafi da murya ɗaya. Yaran unguwa guda suna warwatse a makarantu dabam dabam, wa yana nan ƙane yana can, da dare kuwa tabarma ɗaya. Ƙwayar cuta ba ta san takardar yarjejeniya ba.

Abin Da Aka Gane Game Da Iska

Yanzu ku saurara da kyau, gama nan ne zuciyar magana. Da fari an zaci cutar ta fi bin hannu da tebur da marikin ƙofa, aka kashe kuɗi mai yawa wajen feshi da goge-goge. Daga baya aka tabbata ta fi bin iska. Mai ita in ya yi numfashi, ko magana, ko waƙa, ko tari, yana fid da ɗigo ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, su kan tsaya a iskar ɗaki kamar hayaƙi. Ku kwatanta da mace mai girki a ɗaki rufe. Ko kana can lungu, in an jima sai idonka ya yi yaji. In ta fito tsakar gida kuwa, ko kana kusa ba ka damu ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka duk suka bayyana haka a fili.

Ga misali biyu daga waɗansu wurare. A birnin Ƙudus, cikin Mayu 2020, aka buɗe wata babbar sakandare. Ko wane aji yara 35 zuwa 38. Sai aka yi zafi mai tsanani, aka yafe wa yara takunkumi na kwana uku, aka bar na'urar sanyaya ɗaki tana ta juya iska ɗaya. Da aka gwada, ɗalibai 153 da ma'aikata 25 sun kamu. A jihar Karolina ta Arewa kuwa, a Amurka, likitoci suka bi gundumomin makarantu 11, masu mutum fiye da 90,000, har mako 9, inda a ke sa takunkumi ana ba da tazara. Mutum 773 suka kamu a cikin gari, amma waɗanda suka ɗauka a makaranta 32 ne kaɗai. Kun gani, ba buɗe makaranta ke kawo ɓarna ba, yadda aka buɗe ta ne.

An kuma gyara waɗansu dokoki da ilmi ya ƙaru. Da an ce tsakanin yaro da yaro ƙafa 6, cikin Maris 2021 aka ce ƙafa 3 ta isa in kowa yana da takunkumi, wannan ya sa aji ya ɗauki yara da yawa. Auna zafin jiki a bakin ƙofa ma an ga ba ya kama da yawa, domin yara da dama suna ɗauke da cutar jikinsu bai yi zafi ba. In likita ya sauya magana don ya sami ƙarin sani, ba ƙarya ya yi da fari ba.

Rigakafi

A watan Disamba 2020 aka soma yi wa manya allurar rigakafi a Amurka, malamai suka samu cikin watannin farko na 2021. Yara masu shekara 12 zuwa 15 suka samu izni cikin Mayu, masu 5 zuwa 11 kuwa cikin kakar shekarar. Wannan shi ya kwantar da hankalin malamai fiye da kome. A Agusta 2021 makarantun Niyu Olins suka buɗe gaba ɗaya. Ba a ce an rabu da wahala ba, gama wani sabon nau'in cutar mai suna Delta ya zo, aka killace dubban yara a makonnin farko, amma ba a sake yin doguwar rufewa saboda korona irin ta 2020 ba. Daga 1 ga Fabrairu 2022 birnin ya sa allurar cikin waɗanda a ke nema ga ɗalibi mai shekara 5 zuwa sama, ko da ya ke dokar jihar ta ba uba damar ya rubuta cewa bai yarda ba. A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona. Cutar tana nan, amma ƙarfinta ya ragu.

Sai dai buɗe ƙofa bai dawo da kowa ba. Kafin annoba, cikin yara 100 a Amurka wajen 15 ke yawan fashin makaranta. A 2022 sun kusa ninkawa. Makarantu da yawa sai da suka aiki malamai gida gida suna neman yara. Yaro in ya saba da zaman gida, ko ya kama sana'a, mai da shi aji ya fi fid da shi wuya.

Mu Fa?

To, jama'a, mu dawo gida. Mu ma mun ɗanɗana, 'yan ajin ƙarshe suka koma cikin Agusta 2020 don jarrabawa, saura sai wajen Oktoba. Ko wane malami ya san akwai yaran da ba su dawo ba, waɗansu talla ta ɗauke su, waɗansu aure. Annoba kuwa ba ta ƙare daga korona ba. Ga ƙyanda, ga sanƙarau lokacin bazara, ga mashaƙo wanda ya yi mana ɓarna a 2023, duk ta numfashi da tari su ke yaɗuwa, duk kuwa yara su ke so. Makarantunmu da yawa, na Islamiyya da na kuɗi da waɗanda jama'ar unguwa suka gina, nauyinsu yana wuyan masu su, kamar waɗancan na yarjejeniya.

Wani zai ce mu ba mu da kuɗin Amurka. Gaskiya ne. Amma abin da ya fi amfani can, mu kyauta Allah ya ba mu. Buɗe taga ba ya cin kuɗi. Inuwar ɗurumi ko ta dalbejiya ta fi ko wane ɗaki iska. Ajin da ya cika ana iya raba shi, rabi da safe rabi da yamma. Buta da sabulu a bakin ƙofa ba su fi ƙarfin iyaye ba in sun haɗa kai.

Kai uba, ke uwa, babban aikinku guda ne, ku faɗi gaskiya. In yaro ya tashi da zazzaɓi, ko tari, ko ciwon maƙogwaro, ko ƙuraje, kada ku ba shi magani zafin ya sauka ku tura shi makaranta don kada ya rasa jarrabawa. Ku kai shi asibiti, ku aika wa hedimasta. Ɓoye ciwo ba ya rufa asiri, gobe aji guda zai kwanta, ɗan maƙwabcinku yana ciki. Kai kuma hedimasta, kada ka ɓoye don gudun kada iyaye su kwashe yara. In ka ga yara uku ko huɗu na aji guda sun yi fashi da ciwo iri ɗaya, ran nan ka sanar da ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma. Kada kuma ka bari a yi wa yaron da ya warke gori, gama gori shi ke sa na gaba ya ɓoye.

Abubuwan Tunawa

1. Rufe makaranta magani ne mai ɗaci. A sha shi in ya zama tilas, kada a daɗe a kansa.
2. A sa ma'aunin buɗewa da na rufewa tun da wuri tare da likitoci, a faɗa wa iyaye.
3. A fara mai da ƙanana, manya su biyo.
4. Ko wane aji ya tsaya rukuninsa.
5. Taga da ƙofa a buɗe. In da hali a yi karatu a waje.
6. Yaro mara lafiya ya zauna gida, a kai shi asibiti, a gaya wa makaranta.
7. A duba katin rigakafin ko wane yaro, a cike abin da ya rage.
8. In an buɗe, a kira suna, wanda bai amsa ba a bi shi har gida.

Rigakafi ya fi magani. A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan mashaƙo, da alamunsa, da allurar da ke tsare yaro daga gare shi. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Ku huta lafiya.